Yadda za ka saita na'urar eko, ka kuma shirya mata hanyoyin yanke

Duk wanda ya taɓa riƙe kayan sauti a taron Zango a Kumasi, awure ne a Aboabo, Maulidi ne a Asawase, ko tafsirin azumi a wani masallacin unguwa a Sawaba, ya san aikin ba ya ba mutum lokacin tunani. Alaramma ya ja aya, malam ya karɓa da fassara, kafin ka ɗago kai mai gabatarwa ya fizgi makirfo zai yi sanarwa. Murya uku ke nan cikin minti ɗaya, kowace kuma da irin ekon da ya dace da ita. Wanda zai tsaya a lokacin yana lalube cikin menu, yana murɗa wannan yana danna wancan, taro ya riga ya wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saiti tun a gida ake yin sa, ko a filin taron kafin jama'a su iso, a adana shi, sannan a tanadi hanyar kiran sa da dannawa ɗaya.

Na'urar da nake magana a kai ita ce akwatin nan siriri da ake ɗaurewa a rak, irin su Lexicon MX200, Behringer Virtualizer FX2000, Alesis MidiVerb, ko tsofaffin Yamaha SPX da ake ji da su tun shekarun 1980 kuma har yau suna yawo a hannun mutane. Bayanin ya shafi ekon da ke cikin miksa ma, ƙaramar Yamaha MG ce ko babbar Behringer X32. Sunayen maɓallai sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma aikin ɗaya ne, don haka zan rubuta su kamar yadda za ka gan su a jikin na'ura.

Haɗin waya

Kafin komai ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ci. Wutarmu a Ghana volt 230 ce. Kayan hannu da yawa da ake shigowa da su daga Amurka na 110 zuwa 120 ne, kuma in ka cusa irin wannan kai tsaye a soket, ƙaurin ƙonewa kawai za ka ji. Wanda aka rubuta masa 100–240V ba shi da matsala. Saura sai da taransifomar rage wuta.

Hanyar haɗi biyu ce. Wadda za ka fi amfani da ita ita ce ta AUX, wato hanyar gefe da miksa ke aika kwafin murya waje ta cikinta. Ka ɗauko waya daga ramin AUX SEND na miksa, ko FX SEND in haka aka rubuta, zuwa INPUT na na'urar. In waya ɗaya ce, ka sa a na hagu, galibi shi aka rubuta wa MONO. Daga OUTPUT na hagu da dama sai ka dawo da wayoyi biyu cikin miksa. Akwai ramin da aka tanada don haka, wato RETURN, amma ni na fi son a dawo da shi ta layin sitiriyo na miksa in akwai wanda ba kowa a kai. Dalili kuwa, a nan za ka samu feda, wato abin da ake turawa sama da ƙasa don ƙara sauti ko rage shi, ka samu maɓallin MUTE na kashe sauti, ka samu wurin rage kauri da kaifi. Waɗannan ukun su ne rabin hanyoyin yanken da za mu zo kansu.

Sai dai akwai tarko a nan. Layin da eko ya dawo ta kansa shi ma yana da murɗin AUX ɗin da ka yi amfani da shi. Wannan murɗin ya zauna a sifili, ka ma manna masa ɗan tef don kada hannu ya taɓa. In ya buɗe, ekon zai riƙa komawa cikin na'urar yana zagayowa, sai ka ji wani irin kuka ya taso da kansa yana ƙaruwa, ka yi ta zargin makirfo alhali ba ruwansa.

AUX ɗin ya kasance POST, ba PRE ba. Da POST, in ka sauke fedar mai magana, ekonsa ma ya sauka. Da PRE kuwa, ka sauke murya amma ekonta na nan yana yawo a lasifika kamar daga cikin rijiya.

Tunda asalin muryar tana tafiya ta miksa, abin da ake buƙata daga na'urar shi ne zallar eko. Don haka ka kai MIX, ko WET/DRY, wato murɗin da ke auna yawan eko a kan asalin murya, har ƙarshe, ɗari bisa ɗari. In ka bar shi a tsakiya, asalin muryar za ta dawo ta hanya ta biyu da ɗan jinkirin da na'urar dijital ke jawowa, su haɗu da ta farko, sautin ya fito fayau, babu jiki.

Hanya ta biyu ita ce INSERT, inda ake cusa na'urar a kan layin makirfo guda da waya mai kai ɗaya a gefe, biyu a ɗaya gefen. Nan lissafin ya juye: muryar gaba ɗaya ta cikin na'urar take bi, don haka MIX ya tsaya wajen kashi 15 zuwa 25. Wannan na mai makirfo ɗaya ne. In kana da biyu zuwa sama, ka koma AUX.

A bayan wasu na'urori akwai ɗan maɓalli mai +4 da −10. Miksar taro +4 take so.

Ƙarfin shiga

Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi neman eko mai daɗi, alhali rabin ƙazantar sauti daga nan take. Ka fara da makirfo ba tare da eko ba. Yaronka ya yi magana da irin ƙarfin da mai taron zai yi, ba "wan-tu, wan-tu" cikin sanyin murya ba. Ya ɗaga kamar mai wa'azin da ya zo wurin da ke cin ransa. Ka murɗa GAIN, wato murɗin ƙarfin shigar makirfo a miksa, har mita ta riƙa kaiwa wajen 0. Sannan ka kai babban murɗin AUX inda aka yi alamar 0 ko U, ka buɗe AUX na layin makirfon zuwa kusan rabi, ka dubi fitilun INPUT na na'urar. Kore ya riƙa ci, ɗorawa ta riƙa ƙyaftawa in an ɗaga murya, ja kuwa kada ya kama ko kaɗan. Na'urar dijital ba ta da sassauci a nan, da zarar ta cika sai ka ji tsatsa-tsatsa a wutsiyar ekon. In kuma ka shigar da kaɗan ƙwarai, dole ka ƙure fedar dawowa, sai "ssss" ya biyo baya. Bayan ka daidaita wannan, yawan ekon da jama'a za su ji da fedar dawowa za ka riƙa auna shi, ba da INPUT ba.

Gyaran ekon kansa

A bakinmu duk eko ne, amma cikin akwatin iri biyu ne manya. REVERB shi ne amon ɗaki, wannan wutsiyar da ke bin murya a babban masallaci ba tare da ka ji kalma ta maimaitu ba. DELAY kuma shi ne maimaici, kalma ta fito sannan ta sake dawowa sarai. Cikin na farkon za ka ga HALL mai faɗi da nisa, ROOM na ƙaramin ɗaki, da PLATE mai santsi da haske, wanda ya fi karɓar muryar mai rerawa.

Ka ɗauki ɗaya daga saitin kamfani wanda ya fi kusa da abin da kake nema, ka gina a kansa. Don kunnenka ya ji abin da kake canzawa, ka ɗaga fedar eko ta yi yawa da gangan, ka gama gyara, sannan ka sauke ta. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. In ka murɗa uku tare, ko ya yi daɗi ba ka san wanne ya gyara ba.

Ka fara da DECAY, wani wurin a rubuta REV TIME. Shi ne tsawon wutsiyar, ana auna shi da sakan, kuma a ƙa'ida lokacin da amon ke ɗauka ne kafin ya ragu da desibel 60. Saitin kamfani sukan zo da sakan uku ko huɗu saboda su burge mai saye a shago. A taro wannan ya yi yawa. Mai magana yana furta kalmomi da yawa cikin sakan uku, kowace kuma wutsiyarta na hawa kan ta gaba, sai na bayan kanofi su riƙa jin murya ba sa jin magana.

Na biyu PRE-DELAY, wanda a ganina shi ne murɗin da aka fi yi wa rashin adalci. Ɗan tsaikon da ke tsakanin fitar murya da tasowar amonta ne, da milisakan ake lissafa shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. In yana sifili, amon yana manne da harafi yana rufe shi. Ka kai shi 40 zuwa 60, ka sa wani ya karanta aya mai ƙalƙala ko mai haruffa irin su sad da sin, ka saurara. Harafin zai fito tsaf tukuna, sannan amon ya biyo bayansa. Ga karatun Alƙur'ani, inda mahaddata ke zaune a sahun gaba suna bin kowane harafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da shi za ka iya ba Alaramma faɗin da yake so ba tare da ka cinye masa tajwidi ba.

Na uku, yanke ƙasa da sama. LOW CUT ka kai shi wajen 180 zuwa 200 Hz, don kauri da gurnani kada su shiga cikin ekon. Su ne ke sa sauti ya yi dumu-dumu. HIGH CUT ko HI DAMP kuma ka sauko da shi wajen 5 zuwa 6 kHz, don kowane "s" da "sh" kada ya riƙa fesowa. In na'urarka ba ta da waɗannan, ka yi a layin dawowa: rage LOW sosai, rage HIGH kaɗan. Su SIZE da DIFFUSION ka bar su yadda ka same su sai hannunka ya faɗa.

Ga inda nake farawa, ba wai doka ba ce. Wa'azi ko jawabi a fili, ROOM mai sakan 0.6 zuwa 0.8, kuma ƙasa-ƙasa, yadda sai an kashe shi za a gane da ma yana nan. Karatu a fili, HALL ko PLATE mai sakan 1.8 zuwa 2.2, PRE-DELAY 50. Bege da ƙasida, musamman in akwai bandiri, PLATE mai sakan 1.4 zuwa 1.6, don kiɗan yana da sauri, doguwar wutsiya za ta jagula shi. Cikin masallaci mai tayil da rufin kankare kuwa, ginin ya riga ya yi maka aikin. Ka tsaya tsakiya ka tafa sau ɗaya ka ji yadda amon ke daɗewa. Sau da yawa amsar ita ce kada ka ƙara komai.

Ka tuna kuma wurin da babu kowa ya fi amo. Jikin mutane, manyan riguna da darduma suna shanye sauti, don haka abin da ya yi maka daidai da la'asar zai iya bushewa bayan isha'i in an cika. Da feda za ka cike wannan giɓin, ba sai ka koma menu ba.

Yanzu DELAY. Murɗi biyu ne masu muhimmanci: TIME, tazarar maimaicin, da FEEDBACK ko REGEN, yawan dawowarsa. FEEDBACK ya tsaya kashi 15 zuwa 30, wato ka ji maimaici biyu ko uku su mutu. In ya haura sosai ba ya mutuwa, taruwa yake yi. Shi kuwa TIME, in da kiɗa, dole ya bi kiɗan, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: ka raba 60,000 da yawan bugun waƙar a minti. Mai bugu 120 ta ba ka milisakan 500, mai 100 ta ba ka 600, mai 90 kusan 667. In ya yi maka nisa ka raba biyu. Mai gabatarwar da ke son muryarsa ta yi kauri ba tare da maimaici ya dame shi ba, ka ba shi 90 zuwa 120 da dawowa ɗaya tak.

Wani amfani na daban, tunda tarukanmu sukan malala har titi a kafa wasu lasifikan can nesa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, a zafinmu ma ya ɗan fi haka, wato kusan milisakan uku a kowace mita. Lasifikar da ke mita 30 daga dandamali tana rigan sautin manyan na gaba isa kunnen wanda ke kusa da ita da kusan milisakan 87, shi ya sa yake jin magana biyu-biyu. In kana da na'ura ta biyu, ka sa ta a kan hanyar waɗancan lasifikan, DELAY a 87, FEEDBACK sifili, MIX ɗari, sai su zo tare.

In ka ga kamar ya yi, ka bar teburin ka taka har ƙarshen kujeru ka saurara daga can. Hedifon ba zai gaya maka abin da tsohuwar da ke bayan kanofi take ji ba.

Adanawa

Duk abin da ka gyara yana rataye ne har sai ka adana. Na'urori da yawa suna kunna wata ƙaramar fitila ko ɗigo a allo don nuna an taɓa saiti ba a ajiye ba. Ka juya zuwa wata lamba, ko a ɗauke wuta kafin a tada janareta, aikin zai iya tafiya. Don haka da zarar ka samu abin da kake so, ka adana nan take, ko da za ka sake gyarawa.

Ma'ajiyar kashi biyu ce: ta kamfani, wadda ba a rubutu a kanta, da taka, mai suna USER. MX200 tana da 99 a kowane ɓangare, FX2000 kuma ɗari-ɗari. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ka danna STORE, lamba ta fara ƙyaftawa. Ka juya babban murɗin zuwa lambar da kake so. In na'urar tana karɓar suna ka rubuta. Sai ka sake danna STORE don tabbatarwa. Wannan dannawa ta biyun ita ake mantawa. In ta ƙi karɓa, ka duba cikin UTILITY ko SYSTEM, wataƙila an kunna MEMORY PROTECT; ka kashe, ka adana, sannan ka mayar da shi, musamman in kana ba da hayar kaya. Bayan nan ka matsa zuwa wata lamba ka dawo, ka tabbatar abinka na nan.

Hanyoyin yanke

Ta farko ba ta cin ko pesewa: jerin lambobi. Wuri 99 ba yana nufin ka cika su ba. Biyar ko shida sun ishi yawancin aikinmu, kuma ka jera su maƙwabtan juna bisa yadda suke bin juna a taro. Misali jawabi a 2, karatu a 1, bege a 3, sai mai gabatarwa a 4, waƙar biki a 5. Na sa jawabi tsakanin karatu da bege da gangan, saboda kusan kullum daga ɗayansu jawabi ake komawa, ka ga taki ɗaya ne ko ta wane gefe. Ka manna farin tef a saman na'urar ka rubuta jerin da babban alƙalami yadda za a iya karantawa da hasken waya. A wasu na'urorin juya lamba kawai bai isa ba, sai ka danna LOAD ko ka danna murɗin kansa. Wannan ma alheri ne, kana iya kai lamba ta gaba ta jira, lokaci na yi ka danna. Ka sani kuma yawancinsu suna ɗan ɗauke numfashi yayin canji, wani lokaci da ɗan "ƙas". Ka canza a tsakanin magana, ko ka sauke fedar eko tukuna.

Ta biyu ita ce mafi muhimmanci duka, hanyar kashe eko nan take. Ga abin da ke faruwa kusan kowane biki. Mawaƙiya tana cikin waƙa da dogon maimaici, sai mai gabatarwa ya karɓi makirfonta: "Jama'a a saurara, Hajiya babba, uwar amarya, ta ba da sidi ɗari biyu!" Lasifika kuma ta amsa, "biyu… biyu… biyu…" Mata su kwashe da dariya, wata ta ce a ƙirga da kyau, ɗari shida ta ji. A biki abin raha ne. A wurin addu'ar mamaci, malam ya ce a yi Fatiha ka bar maimaici a buɗe, ba wanda zai yi dariya, kuma da wuya a sake kiran ka.

In eko ta layin miksa yake dawowa, MUTE na wannan layin shi ne maganin, ka manna masa jan tef. Amma akwai bambanci tsakanin toshe mafita da toshe mashiga. In ka kashe layin dawowa, wutsiyar tana yankewa kaf, kunne ya ji an datse wani abu. In kuwa abin da ke shiga na'urar ka toshe, wato babban AUX, kalmar ƙarshe ta waƙar za ta ƙarasa amonta ta mutu da kanta, maganar da ta biyo baya kuma ta fito a bushe. Na biyun ya fi kyau nesa ba kusa ba. Na farkon na gaggawa ne, kamar in kuka ya taso.

Mutum zai ce ai ga BYPASS a gaban na'urar. Ka yi hattara da shi. Aikinsa na asali shi ne ya bar murya ta wuce ba gyara, wanda daidai ne a haɗin INSERT. A haɗin AUX kuwa, wasu na'urorin in ka danna shi sai su turo asalin muryar ta layin dawowa, ta haɗu da wadda ke miksa, ƙara ta yi tsalle, makirfo ya yi ihu. Ka gwada naka tun a gida. In cikin SYSTEM akwai zaɓin yadda BYPASS zai yi aiki, ka sa shi a MUTE.

Ta uku, maɓallin ƙafa. Na'urori da yawa suna da rami a baya mai suna FOOTSWITCH, har ƙananan miksa irin Yamaha MG10XU suna da shi don kunna eko da kashewa. Hannayenka biyu suna kan feda, ƙafa ta yi nata aikin. Wurin saye, ko a Adum ne ko ka aika a kawo maka daga Zongo Lane a Accra, ka san iri biyu ne: mai maƙalewa in an taka sai an sake takawa, da mai sakewa da zarar ka ɗaga ƙafa. Yawancin na'urorin dijital na biyun suke so. In ka sa ka ga yana aiki a juye, ka duba ƙarƙashinsa ko gefensa, wasu suna da ɗan maɓallin juya shi. Mafi sauƙi dai ka ɗauki na'urar ka je da ita a gwada a gabanka. Mawaƙin da ke gabatar da kansa ma za ka iya ja masa doguwar waya ka ajiye maɓallin a gabansa, ya taka in zai yi magana.

Ta huɗu, TAP ko TEMPO. Masu bandiri da kalangu ba sa tafiya da agogo, suna farawa a hankali su ɗau zafi, don haka lissafin 60,000 ɗin nan na farawa ne kawai. Ka riƙa buga TAP da yatsa daidai da kiɗan, sau huɗu ya isa, fitilarsa za ta koma ƙyaftawa tare da shi. Duk lokacin da kiɗa ya canza ka sake. In ramin ƙafa na na'urarka yana karɓar maɓalli biyu, ɗaya ya zama na kashewa, ɗaya na TAP.

Ta biyar ta masu son zurfafawa ce, wato MIDI, yaren da kayan kiɗa ke magana da juna da shi tun 1983. Ramin nan ne zagayayye mai ƙofofi biyar. Ka haɗa MIDI OUT na abin da zai ba da umarni, kibod ne ko allon ƙafa irin Behringer FCB1010, zuwa MIDI IN na na'urar eko. Tashoshi 16 ne, duka biyun su kasance a tasha ɗaya, in ba haka ba ba za su ji juna ba. Ka tabbatar an kunna karɓar PROGRAM CHANGE, wato saƙon da ke canza lambar saiti. Daga nan kowane maɓalli zai iya kiran lambar da ka ba shi kai tsaye, daga 1 zuwa 5 ba sai ka bi ta 2, 3 da 4 ba. Abin da ke rikita mutane shi ne saƙon yana ƙirgawa daga 0 zuwa 127, wasu na'urorin kuma daga 1 suke nunawa, sai ka kira 3 ka ga 4 ta zo ko 2. Ba lalacewa ba ce, ka ƙara ɗaya ko ka rage. Ka kuma duba cewa ɓangaren USER yake kira, ba na kamfani ba. Akwai wani saƙon, CC, da ke murɗa abu guda daga nesa, kamar tsawon DECAY. Littafin na'urar yana da jadawalin lambobinsa a shafukan ƙarshe.

Wanda ke da X32 an riga an sauƙaƙa masa. A hannun dama akwai sashen ASSIGN mai murɗi huɗu da maɓallai takwas, kuma jeri uku ne, A, B da C. Ka danna VIEW na sashen, ka shiga shafin jerin A, ka zaɓi maɓalli ko murɗi, ka zaɓi irin aikin, sannan ka nuna masa abin da zai riƙe. Yadda miksar ke zuwa daga kamfani, bas na 13 zuwa 16, wato hanyoyinta irin na AUX, su ke ciyar da eko huɗun farko na cikinta. Ka sa REVERB na karatu a na farko, PLATE a na biyu, DELAY a na uku, duk suna kunne a lokaci guda, ba sai ka canza lamba ba. Maɓallai uku su zama MUTE na waɗannan bas ɗin, na huɗu TAP, murɗi ɗaya DECAY, ɗaya FEEDBACK. Sannan ka tara bas ɗin eko duka a MUTE GROUP guda cikin shidan da take da su, ya zama dannawa ɗaya ta bushe komai. Ka guji kiran SCENE, wato ajiyayyen saitin miksar gaba ɗaya, a tsakiyar taro don kawai canza eko, saboda zai iya mayar da GAIN da fedoji yadda suke ranar da ka adana, duk gyaran da ka yi a yau ya tashi.

Sai batun masu taro. Za a zo a ce maka, "Ɗana, ƙara mini eko kaɗan." Ka ce, "To, Malam, Allah ya gafarta," ka ƙara ɗin, amma da feda, kaɗan. Sau da yawa ba jama'a yake nufi ba, shi ne ba ya jin kansa da daɗi a inda yake zaune. Ɗan eko a lasifikar da ke gabansa zai gamsar da shi ba tare da ka jiƙa filin gaba ɗaya ba, sai dai ka yi da taka-tsantsan, eko a wannan lasifikar yana saurin jawo kuka.

Ajiyar saiti a waje

Tsofaffin na'urori da yawa ƙaramin batir ne a ciki ke riƙe musu abin da ka adana. In ya mutu, sai ka kunna wata rana ka tarar da USER wayam. Da ka ga gargaɗin batir a allo ka kai wa mai gyara, amma ka kwashe lambobinka tukuna, don cire shi kan share komai. Ka rubuta kowane saiti a littafi: iri, DECAY, PRE-DELAY, LOW CUT, HIGH CUT, TIME, FEEDBACK. Ka ɗauki hoton shafin ka tura wa kanka a WhatsApp. Ranar da ka yi aro ko hayar wata na'urar daban, da wannan shafin za ka gina naka cikin minti goma. Mai kwamfuta zai iya kwashe ma'ajiyar gaba ɗaya ta MIDI, a menu ana kiran sa DUMP ko SYSEX, mai X32 kuma ya zuba a filashi.

Na'urar eko da miksa su sha wuta daga soket ɗaya. In suka rabu, nan ne ake samun gurnanin nan na 50 Hz, kuma karya ƙafar EARTH ta filogi ba magani ba ne, haɗari ne ga mai riƙe da makirfo. Lokacin hunturu ƙura tana shiga murɗi ta sa su ƙarar-ƙarar, ka riƙa rufe rak in ba aiki. Wurin kunnawa, na'urar eko da miksa tukuna, amfilifaya a ƙarshe. Wurin kashewa amfilifaya ce farko. In an ɗauke wuta ana tsakiyar taro, ka kashe amfilifaya kafin a juya zuwa janareta, in wuta ta zauna ka dubi lambar da na'urar ta farka a kai kafin ka ɗaga fedar eko.